Zafin da ake karantawa daga tsagewar nukiliya gida uku: zafi ne na gaske ko adadin lissafi kawai?

Malam_Habu_Fizik

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun lokacin da na fara shirya darasi a kan tsagewar cibiyar ƙwayar zarra, kuma ina fatan masu sani za su taimaka mini.

Kowa a nan ya san cewa idan cibiya mai nauyi irin ta yuraniyam-235 ta haɗiye niyutiron, takan tsage gida biyu, ta saki kuzarin da ya kai kimanin MeV 200 (MeV ma'aunin kuzari ne na ƙananan ƙwayoyi, wato eV miliyan ɗaya). Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, sau ɗaya cikin kimanin 500 ba gida biyu take tsagewa ba, gida uku ne: manyan ɓangarori biyu, da wani ƙaramin gutsure da ke fitowa daga tsakaninsu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ƙananan ƙwayar alfa ce, wato cibiyar hiliyam-4, tiriton, wato cibiyar haidurojin-3, na biye mata da kimanin kashi 7, sauran kuwa furoton ne da hiliyam-6 da litiyam da beriliyam-10 da kabon-14 da ire-irensu, kowanne ɗan kaɗan.

Masu bincike sukan duba yawan kowane irin gutsure, su ce sun fitar da zafin cibiyar a daidai lokacin da take tsinkewa, kuma adadin da suke bayarwa yana tsakanin MeV 1 da MeV 1.4. MeV ɗaya daidai yake da digiri biliyan 11.6 a ma'aunin Kelbin, wato ya ninka zafin tsakiyar rana fiye da sau 700. Girman adadin ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, mu muna koya wa ɗalibai cewa zafi siffa ce ta taron abubuwa masu ɗimbin yawa da suka samu lokaci suka daidaita a tsakaninsu. A nan kuwa furoton da niyutiron 236 ne kacal, kuma tsinkewar ba ta wuce kimanin 10⁻²¹ na daƙiƙa ba. To wannan abin da ake kira zafi, zafi ne na haƙiƙa, ko kuwa adadi ne da aka saka a lissafi domin ya dace da sakamakon gwaji?

Dakta_Zainab

Wa alaikumus salam Malam Habu. Tambayarka tana kan hanya, amma ina ganin sai an fara raba ta biyu, domin batun ƙarancin adadi daban ne, batun ƙarancin lokaci kuma daban.

A kan ƙarancin adadi, amsar ta daɗe da samuwa. Zafi a ilimin lissafin taro ba ya buƙatar a tsoma wani ma'auni cikin abu. Ana fitar da shi ne daga yadda yawan matakan kuzarin da abu zai iya zama a kansu ke ƙaruwa yayin da aka ƙara masa kuzari. Cibiya mai nauyi da ta haɗiye niyutiron tana samun kuzarin motsuwa na kimanin MeV 6.5, kuma a wannan tsayi matakan sun yi cunkoso har tazarar da ke tsakanin biyu maƙwabta ba ta wuce kimanin eV ɗaya ba. Abin da ke da matakai masu yawa haka ana iya yi masa lissafin taro ko da ƙwayoyinsa ba su kai 300 ba. Niels Bohr ya kawo ra'ayin haɗaɗɗiyar cibiya a 1936, Hans Bethe ya fitar da lissafin cunkoson matakai a wannan shekarar, sannan Victor Weisskopf ya nuna a 1937 cewa fitar niyutiron daga cibiya mai zafi tana kama da tashin tururi daga ɗigon ruwa. Daga nan aka samu alaƙar da duk muke amfani da ita, wato kuzarin motsuwa daidai yake da wani adadi da ake kira a, a ninka shi da zafi, a sake ninkawa da zafin, kuma a ɗin yakan kasance nauyin cibiyar a raba da 8 zuwa 10.

Sai dai ƙarancin adadin yana da farashinsa. Ga cibiya irin yuraniyam-236 a zafin MeV ɗaya, zafin kansa yana da rawa, wato hawa da sauka, ta kimanin kashi 14 cikin ɗari, alhali a kofin ruwa wannan rawar ba ta kai abin da za a iya aunawa ba. Saboda haka duk wanda ya rubuta zafin cibiya da lambobi uku bayan ɗigo ya faɗi fiye da abin da cibiyar za ta iya ɗauka. Batun lokaci shi ne mai wuya, kuma zan dawo kansa.

Ɗalibi_Nura

Dakta, na gode da wannan bayani. Ni ɗalibi ne, kuma abin da ban gane ba shi ne yadda ƙirga gutsattsari zai ba da zafi. Ina roƙon a bayyana hanyar dalla-dalla.

Sani_Ɗakin_Gwaji

Ɗan'uwa Nura, asalin hanyar mai sauƙi ne. A cikin taro mai zafi, yiwuwar samun wani abu tana raguwa gwargwadon kuzarin da samar da shi zai ci, a raba da zafin, kuma raguwar ta ninki ce. Misali, idan zafin MeV 1.2 ne, gutsuren da fitar da shi ya fi na wani tsada da MeV 3 zai yi ƙaranci kimanin sau 12. Kuzarin da ya ɗaure kowace cibiya kuwa sananne ne daga teburin nauyi: alfa tana da MeV 28.3, tiriton yana da 8.5, diyutiron, wato cibiyar haidurojin-2, yana da 2.2. Idan ka san tsadar kowanne kuma ka ƙirga yawansu, abin da ya rage maka ka nemo shi ne zafin.

Matsalar ita ce yawan kowane gutsure bai dogara da zafi kaɗai ba, ya dogara kuma da yadda niyutiron da furoton suka wadata a wurin da aka haife shi, wanda ba mu gani. Wani masani mai suna Albergo da abokan aikinsa suka kawo dabara a 1985: ka ɗauki aisotof biyu, wato cibiyoyi biyu na sinadari ɗaya, da suka bambanta da niyutiron guda, ka raba yawan ɗaya da na ɗayan, ka sake yin haka ga wani sinadarin, sannan ka raba sakamakon farko da na biyu. Da ka yi haka, wadatar niyutiron ɗin ta fita daga lissafin, sai zafi da bambancin kuzarin ɗauri suka rage. Da wannan dabara aka yi aikin da ya yi suna a 1995 a cibiyar GSI ta Darmstadt a Jamus, inda aka kara cibiyoyin zinariya da juna, aka ga zafin ya tsaya cak kusa da MeV 5 duk da ana ƙara kuzari, kamar yadda ruwa ke tsayawa a zafi ɗaya yayin da yake tafasa.

A wancan aikin an yi amfani da hiliyam-3 da hiliyam-4 tare da litiyam-6 da litiyam-7. A tsagewa gida uku kuwa hiliyam-3 kusan babu shi, don haka sai a koma ga irin su litiyam-7 da litiyam-8, ko beriliyam-9 da beriliyam-10. Yawancin waɗannan ƙididdiga sun fito ne daga na'urar tace nauyi ta Lohengrin da ke cibiyar Laue-Langevin a Grenoble ta Faransa, wadda ta iya gano gutsattsari har zuwa silikon.

Malam_Habu_Fizik

Malam Sani da Dakta Zainab, Allah ya saka da alheri. Amma da na ɗauki alaƙar da Dakta ta kawo na zauna da alƙalami, sai damuwata ta ƙaru maimakon ta ragu. Ga yuraniyam-236, wato yuraniyam-235 da ta haɗiye niyutiron, adadin a zai kasance kimanin 24. Idan zafin MeV 1.4 ne, a ninka 1.4 da kansa a samu 1.96, a ninka da 24, ana buƙatar kuzarin motsuwa na kimanin MeV 47. Ko da an sauko zuwa MeV 1.1, ana buƙatar kusan 29. Alhali duk kuzarin da ya rage wa ɓangarorin biyu bayan an cire na gudunsu, wanda ya kai kimanin MeV 170, bai wuce 20 zuwa 25 ba, kuma kaso mai tsoka daga cikinsa a lokacin tsinkewa yana ɗaure ne a cikin miƙewar siffarsu, bai riga ya zama zafi ba. To daga ina wannan zafin ya samo kuzarinsa? Idan lissafina ne ya karkace, ina so a nuna mini inda ya karkace.

Injiniya_Rabi

Ku gafarce ni in ɗan ratsa da abin da ya shafi aikina, domin kada wani mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta cikin littafi kawai. Tiriton ɗin nan da Malam Habu ya ambata, da zarar ya tsaya ya kama elektiron, ya zama tiritiyam, wato haidurojin mai fitar da haskawa wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 12.3. Kimanin tsagewa ɗaya cikin 10,000 ke haifar da shi, kuma an tabbatar da hakan ne a 1959 a tashar Savannah River ta Amurka ta hannun wani masani mai suna Albenesius. Adadin ƙarami ne a ido, amma tukunyar nukiliya mai samar da lantarki tana tsaga cibiyoyi kusan 10²⁰ a kowace daƙiƙa, don haka duk mai lissafin abin da ke cikin makamashin da aka gama ƙonawa dole ya saka shi a ciki, shi da hiliyam da ke taruwa daga alfa. A ganina wannan ne tushen yawancin tiritiyam da ake samu a ruwan sanyaya tukunya.

Bashir_Kimiyya

Injiniya, bayaninki daidai ne sai jimlar ƙarshe. Tsagewa gida uku ce ke samar da mafi yawan tiritiyam a cikin makamashin kansa, amma inda aka rufe sandunan da ƙarfen zirkoniyam, kusan duka yana maƙale a ciki, ɗan kaɗan ne ke tserewa. A tukunyar ruwa mai matsi, wanda ake gani a cikin ruwan yakan fito ne galibi daga boron-10 da ake narkawa a ruwan domin sarrafa tsagewar, idan niyutiron mai gudu ya buge shi. Inda aka yi amfani da baƙin ƙarfe marar tsatsa wajen rufe sanduna ne tiritiyam ke ratsawa da yawa.

Injiniya_Rabi

Na karɓi gyaran, Malam Bashir, gaskiyarka ce. Na haɗa abin da ke cikin sanda da abin da ke cikin ruwa.

Tsohon_Malami

'Ya'yana, ina bin wannan muhawara da jin daɗi, kuma ina so in mayar da ku baya kaɗan, domin akwai shaidar da ta riga duk wani lissafin zafi, kuma har yau ita ce ta fi ƙarfi. Hahn da Strassmann sun gano tsagewa a Balin a ƙarshen 1938, Meitner da Frisch suka bayyana ta a farkon 1939. A 1946, a Faris, masana biyu 'yan ƙasar Sin, Qian Sanqiang da He Zehui, tare da abokan aikinsu Faransawa, suka jiƙa farantan hoto na musamman da gishirin yuraniyam, suka haska su da niyutiron, suka zauna a gaban madubin ƙara girma suna bin sawu ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa duba irin wannan faranti da idona sa'ad da nake ɗalibi. Za ka ga gajeren layi mai kauri, baƙi ƙirin, wanda shi ne manyan ɓangarorin biyu da suka rabu baya da baya, sai ka wuce ɗaruruwa irinsa, sannan kwatsam ka ci karo da ɗaya da wani siririn layi dogo ya fito daga tsakiyarsa ya miƙe gefe, kamar reshe a jikin kara.

Abubuwa biyu ke cikin wannan hoton. Na farko tsawon layin: alfa da yuraniyam-235 ke fitarwa a ruɓewarsa ta yau da kullum tana da kimanin MeV 4.4, wannan kuwa matsakaicin kuzarinta ya kusa MeV 16, shi ya sa ake kiranta alfa mai dogon zango. Na biyu kusurwa: tana fita kusan a tsaye ga layin tsagewar, kimanin digiri 83 daga ɓangaren da ya fi sauƙi, domin babban ɓangaren ya fi caji, ya fi ture ta. Ba abin da zai sa ta fita haka face an haife ta a tsakanin ɓangarorin biyu, a cikin wuyan da ya haɗa su, lokacin da suke dab da juna, sai turin lantarkinsu ya matse ta ya harba ta gefe. Da tururi ce da ta tashi daga jikin ɓangare ɗaya bayan sun yi nisa, da ta bi bayan wannan ɓangaren kamar yadda niyutiron ke yi. Saboda haka, Habu, duk zafin da gutsuren nan ya ɗauko, labarin wuyan yake ba ka, ba labarin dukan cibiyar ba.

Dakta_Zainab

Baba ya riga ni zuwa inda na nufa. Malam Habu, lissafinka bai karkace ba. Abin da ya nuna shi ne ba zai yiwu dukan cibiyar ta kasance a wannan zafin ba. Wuyan kuwa ƙaramin yanki ne, mai yawan niyutiron, wanda abin cikinsa ya sirance sosai yayin da yake miƙewa, kuma a nan ne motsi ya fi tsananta. Ana iya tunanin ƙaramin yanki ya fi sauran jiki zafi na ɗan lokaci ba tare da an karya dokar kiyaye kuzari ba. Yawan niyutiron na wuyan ma a bayyane yake a cikin abin da ke fitowa: tiriton ya fi furoton yawa nesa ba kusa ba, hiliyam-6 da hiliyam-8 suna nan alhali hiliyam-3 kusan babu, kuma kabon-14 ne ya rinjayi kabon-12. Joseph Natowitz na jami'ar Texas A&M da Gerd Röpke na Rostock suna cikin waɗanda suka bi wannan hanya, suna kallon wuyan a matsayin sirantaccen abu inda gutsattsari ke dunƙulewa kamar yadda ɗigon ruwa ke haɗuwa a cikin tururi, kuma sun nuna cewa manyan gutsattsari ba su kai yawan da cikakken daidaito zai bayar ba, domin lokaci bai ishe su girma ba.

Amma adalci ya sa in kawo ɗaya ɓangaren. Masanin fizik Halpern, a nazarinsa na 1971, ya tsaya a kan cewa ba zafi ne ke fitar da gutsuren ba, gaggawa ce. Bayan tsinkewa, kututturen wuyan biyu suna komawa cikin jikin ɓangarorin da sauri, kuma abin da ke tsakiya, wanda bai iya bin wannan saurin ba, sai a bar shi a fili. A wannan ra'ayi ma yawan kowane gutsure yana raguwa gwargwadon tsadarsa, don haka idan ka zana sakamakon za ka samu layi mai gangara, ka kira gangarar zafi. To a nan ne batun lokaci da na ce zan dawo kansa ya shigo. Daga ƙetare shingen tsagewa, wato matakin da cibiyar ta miƙe har ba ta komawa baya, zuwa tsinkewa cibiyar na ɗaukar kimanin 10⁻²⁰ na daƙiƙa, niyutiron kuwa yana ratsa cibiya cikin kimanin 10⁻²². Akwai damar kai da komo sau da dama, amma ba ta da yawan da za ka rantse an daidaita. Ni dai ina karkata ga cewa ƙananan gutsattsarin sun kusa daidaito, manyan kuma ba su kai ba.

Sani_Ɗakin_Gwaji

Kafin a ɗora nauyi da yawa a kan lambobin, bari in faɗi abin da ya same ni, domin ƙirgar ita kanta ba abu ba ce mai sauƙi. Na yi watanni ina auna alfa mai dogon zango daga kalifoniyam-252, wanda ke tsagewa da kansa ba tare da an buge shi ba. Kashi 3 kawai cikin ɗari na ruɓewarsa ne tsagewa, sauran 97 alfa ce ta yau da kullum mai MeV 6.1, kuma cikin tsagewar kimanin ɗaya cikin 300 ce ke ba da alfa ta uku. Ka ga ke nan a kan kowace guda da nake nema, akwai kusan 10,000 da ba na so suna dukan na'urar. Maganin da kowa ke yi shi ne a shimfiɗa siririn fallen alminiyam mai kaurin kimanin maikuromita 30 a gaban na'urar, ya tare alfa ta yau da kullum da manyan ɓangarorin. A bayansa akwai faifan silikon biyu, na gaba siriri wanda gutsuren ke ratsawa ya bar ɗan kuzari, na baya mai kauri inda yake tsayawa. Idan ka zana abin da na gaba ya karanta a kan abin da na baya ya karanta, sai ka ga ɗigo-ɗigo sun jeru cikin lanƙwasassun layuka, na alfa mai duhu a sama, na tiriton siriri a ƙasa.

Kuskurena shi ne na manta cewa fallen da ya cece ni shi ne kuma ya cinye duk alfa ta uku da kuzarinta bai kai ta ratsa ba. Na ƙirga abin da na gani, na raba, na samu rabon tiriton da alfa da ya saɓa wa na kowa, har na fara murna ina zaton sabon abu ne. Mai duba aikina ya ɗauki zanen, ya sa yatsa a gefen hagu inda layin ya yanke, ya tambaye ni abin da ke ƙarƙashin wurin. Tiriton mai caji ɗaya yana ratsa fallen da sauƙi, alfa mai caji biyu ba ta yi, beriliyam da kabon kuwa sun fi shan wahala. Dole ne a cike ɓangaren da ba a gani ba da zato, galibi a ɗauka rabon kuzarin yana da siffar ƙararrawa, alhali an san na alfa yana da jela a ɓangaren ƙananan kuzari da ta wuce wannan siffar. Abin da ke ɗan sanyaya zuciya shi ne zafin yana fitowa ne ta logaritim, don haka kuskuren kashi 20 a ƙirga ba ya zama kashi 20 a zafi.

Mai_Shakka

Ni ina tare da shakkar Malam Habu, kuma ga hujjata. Ma'aunin zafi na ƙwarai shi ne wanda idan ka ƙara wuta yake hawa. Fulutoniyam-240 yana tsagewa da kansa daga yanayinsa na sanyi, kuma ana iya samun wannan cibiyar dai ta hanyar ba fulutoniyam-239 niyutiron, inda take farawa da ƙarin kuzari na kimanin MeV 6.5. Cibiya ɗaya ce, kuzari ya bambanta. Da tururi ne zalla, da wadda aka ba niyutiron ta fi fitar da alfa. Abin da Cyriel Wagemans da abokan aikinsa a Beljiyam suka auna kuwa akasin haka ne: tsagewar da ke faruwa da kanta ta fi ba da alfa, tiriton kuma bai canza sosai ba. Bayanin da aka bayar shi ne alfa takan riga ta dunƙule a cikin cibiya mai sanyi, ƙarin kuzari kuma yana wargaza dunƙulen. Idan haka ne, gutsuren da ya fi kowa yawa yana bin tsarin cikin cibiya ne fiye da zafi, kuma ban ga yadda za a gina ma'auni a kansa ba.

Ɗalibi_Nura

Na karanta cewa wasu daga cikin alfa ɗin ba a matsayin alfa aka haife su ba. Shin gaskiya ne, kuma yana shafar abin da Mai_Shakka ya faɗa?

Sani_Ɗakin_Gwaji

Gaskiya ne, Nura. Hiliyam-5 ba ya tsayuwa. Cikin ƙasa da 10⁻²¹ na daƙiƙa yake jefar da niyutiron ya koma alfa, kuma an gano shi ta hanyar kama alfa da niyutiron da suka fito tare ta fuska ɗaya. Beriliyam-8 kuma yakan rabe ya zama alfa biyu, har a ga kamar tsagewa gida huɗu aka yi. Haka nan gutsuren da aka haifa a matakin kuzari na sama yana iya zubar da niyutiron ya koma aisotof na ƙasa da shi. Abin da na'ura ke gani ke nan ba shi ne ainihin abin da ya bar wuyan ba, sai an mayar da kowane ɗa ga uwarsa kafin a yi lissafi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tagwayen aisotof daban-daban ke ba da zafin da bai zo ɗaya ba sai an yi gyara. Game da hujjar Mai_Shakka, tana da nauyi, amma ta fi shafar jimillar yawan tsagewa gida uku; dabarar Albergo tana duba rabo ne tsakanin aisotof, kuma ana iya gina ta ba tare da alfa ba ko kaɗan.

Halima_Lissafi

Ina ganin akwai shaida mai zaman kanta da ba a ambata ba. Rabon kuzarin niyutiron da kalifoniyam-252 ke fitarwa ana kwatanta shi da siffar Maxwell, wato irin rabon kuzarin ƙwayoyin iskar gas mai zafi, mai zafin MeV 1.42. Wannan ya yi daidai da 1.4 da Malam Habu ya kawo tun farko. Hanyoyi biyu da ba su da alaƙa sun ba da amsa ɗaya, shin wannan bai isa ya kwantar da hankali ba?

Dakta_Zainab

Malama Halima, lambar da kika kawo daidai ce, amma dacewar ta haɗuwa ce kawai. Waɗannan niyutiron suna tashi ne daga ɓangarorin bayan sun rabu sun kai cikakken gudunsu, wato daga baya sosai idan aka kwatanta da lokacin tsinkewa, kuma 1.42 ɗin ya haɗa da gudun ɓangaren da ya ɗauko su, domin a ɗakin gwaji muke aunawa, ba a kan bayan ɓangaren ba. Idan aka cire wannan gudun, zafin ɓangarorin yana sauka zuwa MeV ɗaya ko ƙasa da haka. Inda niyutiron ke da abin faɗa a kan batunmu shi ne yawansu: kalifoniyam-252 yana ba da matsakaicin 3.76 a tsagewa gida biyu, amma kimanin 3.1 idan alfa ta fito. Gudun manyan ɓangarorin ma yana raguwa da fiye da MeV 10. Wannan ya nuna gutsuren yana cin kuzarinsa ne daga aljihun tsarin gaba ɗaya, ya bar ɓangarorin da sanyi fiye da yadda za su kasance.

Malam_Habu_Fizik

Na amfana ƙwarai, kuma ina gode wa kowa. Hoton reshe a jikin kara da Baba ya kawo zan nuna shi a aji kafin in rubuta ko lamba ɗaya a allo. Na yarda yanzu cewa ƙarancin ƙwayoyi ba shi ne cikas ba, kuma na yarda lissafina ya shafi dukan cibiya ne alhali maganar wuya ake yi. Amma har yanzu ban gamsu ba a wuri ɗaya. Idan wuyan ƙwayoyi ashirin ko talatin ne kawai, rawar zafin da Dakta ta ƙiyasta da kashi 14 za ta haura sosai, kuma hujjar Mai_Shakka tana nan ba a ture ta gaba ɗaya ba. Abin da zan gaya wa ɗalibai shi ne adadi ɗaya, kusa da MeV ɗaya da ɗoriya, yana bayyana yawan aisotof da dama da suka bambanta da juna sau dubbai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai zan kira shi zafin da ake gani daga rabon gutsattsari, ba zafin cibiyar ba.

Tsohon_Malami

Habu, akwai wata ƙofa da ba mu buɗe ba. Kuzarin MeV 16 na alfa kusan duka turin lantarki ne ya ba ta bayan haihuwarta, amma faɗin rabon, wanda ya kai kimanin MeV 10, da faɗin kusurwar da take fita, suna ɗauke da labarin inda ta tsaya da irin gudun da take da shi tun farko. Masu lissafi sukan juya tafiyar baya a kwamfuta, jiki uku masu ture juna, domin su gano wannan gudun na farko, wanda in da zafi ne ya ba ta shi, dole ya dace da abin da aisotof suka nuna. Wahalar ita ce za ka iya matso da ɓangarorin kusa ka rage gudun farko, ko ka nisanta su ka ƙara shi, ka samu sakamako kusan iri ɗaya a ƙarshe. Sani, a ma'auninka na kalifoniyam, ka kama kusurwar alfa tare da manyan ɓangarorin, ko kuzarinta kaɗai ka auna?

Sani_Ɗakin_Gwaji

Kuzari kaɗai na auna, Baba, domin fallen alminiyam ya tare manyan ɓangarorin ta wannan gefen, kuma ba mu sa wata na'ura a gefe da za ta kama su ba. In za a samu kusurwar, sai a ɗora kalifoniyam ɗin a kan siririn abu da ɓangarorin za su iya ratsawa ta fuska biyu, a sa ɗakin iskar gas mai auna alkiblarsu a kewaye da shi, faifan silikon kuma su jeru a gefe, a karɓi abin da ya faɗo a lokaci ɗaya kawai. Zan nemo tsofaffin zanena in ɗora su a nan, domin Nura ya ga layin tiriton da na alfa da wurin da fallen ya yanke su.